Sadakar Baba: Mu Ba Samarin Garinmu, ko Mu Gina da Kanmu?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu bara. Mu goma sha ɗaya ya bari, uku ba su balaga ba, da iyayenmu mata biyu. Mun yi shawarar ware wata gonarsa ta fadama da kuɗi kamar naira miliyan 6 mu yi masa sadaka mai gudana a garinmu da ke ƙasar Ringim. Babban wanmu yana son a gina masallaci ko a haƙa burtsatse. Ni kuwa hankalina ya karkata ga wata ƙungiyar samari da 'yan mata ta garin. Suna koyar da yara karatu da dare, suna gayyar ɗaure jinga kafin damina, kuma su ne suka yi ta sintiri sakatariya har aka dawo da ma'aikaciyar jinya asibitin garin. Yayyena sun ce yara ne, za su cinye kuɗin, ko 'yan siyasa su saye su, ko su jawo mana baƙin jini wurin manya. Akwai hanyar da iyali za su taimaki irin waɗannan ba a yi da-na-sani ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan Baba da rahama, Ya albarkaci bayansa, Ya ƙara haɗa kanku. Ba kowane gida ne ake zaman rabon gado a tashi da maganar sadaka ba, wani gidan da sammaci ake tashi.

Idan na fahimce ki, yayyenki suna tsoron kada yaran su lalata kuɗin. Tsoro ne mai dalili, zan kuma zo kansa. Amma a tsawon aikin da na yi da ƙungiyoyin gari a ƙananan hukumomin Jigawa da Kano, abin da na fi gani shi ne kuɗin su lalata ƙungiyar. Za ki ga samari suna aikinsu da karo-karon naira ɗari biyu-biyu, kansu a haɗe, sai wani mai niyyar alheri ya sauke musu miliyoyi lokaci guda, ya kuma ɗora musu aikin da shi yake so. Kafin shekara ta zagayo sun dare gida biyu, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya ci. Don haka shawarata ita ce ku taimake su, amma kaɗan-kaɗan, na tsawon shekaru, idonku a kan kuɗin, zaɓin aikin kuma a hannunsu.

Tukuna, dukiyar ta wa ce?

Wannan ne wurin da iyalai suka fi tuntuɓe, tun ba a kai ga samari ba. Da zarar mutum ya cika, bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya idan ya bari (ita ma ba ta wuce sulusi), abin da ya rage na magada ne. Idan Baba bai yi wasiyya da wannan gona ba, to kowannenku daga rabonsa yake bayarwa, kuma sai da yardarsa. Ƙannenku uku da ba su balaga ba, babu mai ikon yin kyauta da haƙƙinsu, ko babban wa ne. Iyayenku mata kuma a tambaye su su kaɗai a ɗakinsu, kada a tambaye su a gaban taron 'ya'ya maza inda kunya za ta sa su ce sun yafe tumuninsu alhali suna bukata. Mafi sauƙi a raba gadon tsaf, gonar ta faɗo cikin rabon manyan da suka yarda, sannan su bayar. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan ɓangaren ku kai shi gaban malamin da ya san gado ko kotun Shari'a, a rubuta.

Kada kuma ku gauraya wannan da zakkarku. Zakka tana da mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma mafi yawan malamanmu ba su yarda a sayi allo da fitila ko buhunan yashi da ita ba. Ta tafi inda aka saba kai ta: a Jigawa akwai kwamitocin zakka na masarautu, a Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi. Abin da kuke shirin yi sadaka ce, gonar kuma hubusi, wato wakafi: a tsare asali, a ciyar da amfani, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. A mazhabar Malikiyya akwai abubuwa biyu da za su amfane ku. Ana iya yin hubusi na ƙayyadadden lokaci, a ce shekara 10, ba dole sai na har abada ba. Sannan dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa zuwa hannun wanda aka naɗa ya kula da shi tun mai bayarwar yana da rai da lafiya. Na ga gonar da kowa a gari ya san ta masallaci ce, amma mai ita ya ci gaba da nomanta har ya rasu, jikoki kuma suka zo suka sayar. Ku yi takarda, dagaci da liman da maƙwabtan gona su sa hannu, a kai ƙaramar hukuma, don dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon ba da shaidar mallakar filin karkara.

Me ya sa gini yake rinjaye

Wanki bai yi laifi ba da ya fara tunanin masallaci da rijiya. Haka muka taso muka ga masu hali suna yi. Tun daga Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, har zuwa zuriyarsa, alherin manyan gidajen Kano an fi saninsa ta masallatai, makarantu, asibitoci da ciyarwa. Gidauniyar Dangote da ta Abdussamad Rabi'u ma, duk da girmansu, yawancin abin da ake gani gine-gine ne, abinci da ayyukan lafiya. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba matasa jarin dala 5,000, amma wannan na mutum ɗaya ne da sana'arsa. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne a ba wa taron matasa kuɗi a ce ku duba abin da garinku yake bukata ku yi.

Gini yana da daɗin bayarwa saboda ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana rubuta sunan mamaci a jiki. Amma ki zaga ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura ki ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu da tankunan da suka bushe. Da yawansu ba wani babban abu ya lalace ba. Roba ce ta cinye, ko an sace waya, ko injin ya tsaya tun da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. An haƙa an tafi, ba a bar kowa da alhakin gyara ba. Ruwan da ya daina zuwa kuwa ai sadakar ta daina gudana. Mutanen da za su tara naira hamsin-hamsin su kira mai gyara, su ne irin yaran da kike magana.

Kuma jagorancin matasa ba baƙon abu ba ne da turawa suka kawo mana. Sarkin samari ne yake kiran gayya, samari ne suke gyaran hanya da maƙabarta. Waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 su takwas ne, a cikinsu akwai Magaji Dambatta da bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba. A 2018 matasa ne suka matsa har aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Idan yayyenki suka ce yara ne, ki tuna musu cewa wanda tsarin mulki ya yarda ya yi wa jiha doka, ba a ce ya yi ƙanƙanta da riƙe littafin kuɗin makarantar dare ba.

Maganar cinye kuɗi

Sata kai tsaye ba ita ta fi yawa ba, a iya abin da na gani. Abin da ya fi faruwa shi ne rance. Kuɗi suna hannun ma'aji, matar shugaba ta zo haihuwa, a ara. Uban wani ya rasu, a ara. Lokacin taki ya zo, a ara da niyyar biya da kaka. Babu wanda ya ɗauki kansa ɓarawo, amma asusu ya ƙare. Yaron da yake zaune cikin danginsa, kowa ya san kuɗi suna aljihunsa, ba shi da bakin cewa a'a ga kawunsa. Saboda haka tsarin da za ku kafa kariya ce gare shi kafin ta zama kariya gare ku.

Kuɗi su zauna a asusun banki da sunan ƙungiya, ba a asusun wayar wani ba, kuma sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. A sami littafin shiga da fita, ko da na 'yan makaranta ne. Rasit ba ya samuwa a kowace kasuwar ƙauye, kada ku matsa a kansa har ku koya musu rubuta na bogi. A rubuta abin da aka saya, nawa, a wurin wa, shaida ya sa hannu. Abin da na ga ya fi kowane mai binciken kuɗi aiki shi ne karanta lissafi a bainar jama'a: duk wata uku, bayan La'asar, a ƙofar gidan mai unguwa, sakatare ya miƙe ya karanta. Idan ya ce an sayi buhun siminti kaza, akwai magini a zaune da ya san farashi. Ku kuma ku riƙa sakin kuɗin zango-zango, na gaba ba ya fita sai an karanta na baya.

Rajista kuwa, su fara da ta sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, su tambayi banki takardun da yake nema. Rajistar amintattu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana bukatar sanarwa a jaridu biyu, jiran kwana 28, da rahoto duk shekara. Tana da amfani ran da za su nemi tallafi daga manyan gidauniyoyi, amma ba ita ce matakin farko ba. Na sha ganin ƙungiya mai satifiket a bango da hatimi a aljihu, ba ta taɓa yashe lambatu ɗaya ba.

Ga wurin da nake so ki fi kula. Kada kuɗinku su fara biyan abin da ake yi kyauta. Yau ana fitowa gayyar jinga saboda gidan kowa ne ruwa zai ci. Ran da kuka fara ba da naira dubu biyu-biyu kuɗin fitowa, kun mayar da gayya kwadago, kuma ran da kuɗin suka ƙare ba mai fitowa. Wasu ƙungiyoyin agaji sun riga sun ɓata garuruwa da yawa da kuɗin zama da kuɗin mota, har ya zama idan an kira taro tambayar farko ita ce akwai alawus? Ku sayi buhu, shebur, baro, fitilar sola, allo, alli, littattafai, ku dafa abincin ranar gayya kamar yadda aka gada. Masu koyarwa da dare ne kaɗai zan ce a duba, domin aikinsu na kullum ne. Su ma ƙungiyar ce za ta yanke ɗan abin sabulu da za a ba su, ba ku ba. Kuma kada su daina karo-karonsu don kun zo. Ƙungiya kamar dashen tumatir take, ruwan da ya yi yawa kashe shi yake yi.

Akwai abu biyu da suke rusa ƙungiyar matasa a karkara waɗanda ba su shafi amana ba. Na farko cirani. Ana gama kaka rabin samarin sun tafi Kano, Abuja ko Legas, idan shugaba da ma'aji suna ciki aiki ya tsaya sai damina. Na biyu aure. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a makarantar dare, wata shida an kai ta wani gari. Ku tambaye su wa yake bayan kowane mai muƙami, kuma kowace shekara su wa suke jawowa daga 'yan ƙasa da su. Game da 'yan matan, kada ku yarda su zama masu dafa abinci da shara kawai. A samu mace cikin masu sa hannu a banki, a sa lokacin taro inda iyaye za su bari su zo, wani kaso na kuɗin kuma su ne za su faɗi abin da za a yi da shi. Ke da kanki za ki iya zama da su a cikin gida, za su gaya miki abin da ba za su faɗa a gaban yayyensu ba.

Siyasa da manyan gari

Duk ƙungiyar da za ta iya tara mutum ɗari da safe ɗaya, ɗan siyasa zai neme ta, wannan babu makawa. Ba za ku hana yara siyasa ba, bai ma kamata ba. Abin da za a rubuta tun yanzu shi ne: wanda zai tsaya takara ko ya karɓi muƙamin jam'iyya ya ajiye muƙaminsa na ƙungiya, ba a liƙa fasta a makarantar dare, duk gudummawar da ɗan takara ya kawo a karanta ta a fili kamar ta kowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su san haka kafin su karɓa. Sai dai wannan sharaɗin har da ku. Idan cikin yayyenki akwai mai hangen kansila ko ciyaman, a faɗa tun yanzu, a nisanta shi da kwamitin. Mutanen ƙauye ba sa bukatar a gaya musu, za su gane tun ranar farko, kuma daga ranar sunan ƙungiyar ya koma "yaran gidan Alhaji wane".

Baƙin jinin manya kuma, nan ne kuke da abin da ya fi kuɗi. Yaro ɗan shekara 23 idan ya je sakatariya ya tambayi inda maganin asibiti ya shiga, za a ce ɗan gidan wa ne, ba shi da kunya. Idan aka san gidanku yana bayansa, kuma wanku ya riga ya je ya gaida dagaci da hakimi ya yi musu bayani, sai a saurare shi. Ku fara da gaisuwa, ku nemi albarkar liman, a sa dattawa biyu ko uku su zama iyayen ƙungiya masu ba da shawara da sasanci. Amma kada su riƙe kuɗi, kada kuma a ce sai sun sa hannu za a yi aiki. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da ake kira na matasa, shugabansu ya aurar da 'ya.

Ki kuma shirya wa ranar da aikinsu zai taɓa ku. Wataƙila su gano katangar gidanku ce ta toshe hanyar ruwa, ko wani baffanku ne yake karkatar da takin da aka kawo wa gari, ko su fara maganar cire yara mata daga makaranta alhali a danginku ana yi. Ran nan za a san ko taimako kuke yi ko yara kuka ɗauka aiki. Ku tattauna wannan a cikin gida tun kafin ku ba da ko kwabo. Idan kun san ba za ku jure ba, gara ku gina masallacin, babu abin kunya a ciki.

Da ni ne mai rabawa

Ba zan ajiye miliyan 6 a banki ina ɗiba ba. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, a 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin da aka ajiye a tsakanin nan sun narke suna zaune. Gonar ce ginshiƙinku. A ba da ita haya ko noman raba-daidai, abin da ta kawo duk shekara shi ne abincin ƙungiyar. Kada a ce yaran su noma ta da kansu tun shekarar farko, lokacin da ake bukatarsu a can shi ne lokacin da iyayensu suke bukatarsu a gonar gida. Kuma fadamar ƙasar Ringim ce, kowa ya tuna ambaliyar 2022. Duk shekarar da aka samu, a ware wani abu saboda shekarar da ruwa zai cinye.

Kuɗin hannu kuwa, zan ɗauki kaso mafi tsoka in ba wanki abin da yake so ta hanyar da za ta ɗore. Maimakon sabuwar burtsatse, a gyara wadda ta mutu a gari, a mayar da ita sola idan kuɗin sun kai, a damƙa kulawarta ga ƙungiyar da ɗan abin da masu ɗiba za su riƙa bayarwa don gyara. Shi ya samu rijiyar Baba, su kuma sun samu aikin da gari zai auna su da shi. Wani kason a sa a gonar, rijiyar ban-ruwa da inji, don hayarta ta yi daraja da rani. Ragowar a raba shi shekara uku a riƙa ba su. A shekarar farko abin da zan ba su ba zai wuce ninki biyu ko uku na abin da suka saba juyawa da kansu ba. Ku gaya musu adadin da tsawon lokacin tun farko, don su yi shiri, kada su zauna kullum suna jiran wayar Hajiya.

Kada kuma ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Jingar buhun yashi tana tare ruwan unguwa, ba ta tare kogin Haɗeja idan ya cika ya batse. Ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin aikin injuna ce da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Makarantar dare ba ta maye gurbin firamare mai malamai. Abin da matasa suke iyawa shi ne su toshe ƙaramar ɓaraka, su kuma dami hukuma har ta yi nata, kamar yadda suka yi a kan ma'aikaciyar jinya. Kuɗin motar zuwa Dutse da na buga takardar koke suna cikin abin da ya cancanci ku biya, ko da ba za a ɗauki hotonsu ba. Kuma ko an bi duk abin da na faɗa, wata ƙungiyar takan mutu, shi ya sa za a rubuta a takardar hubusin inda amfanin gonar zai koma idan hakan ta faru, misali kula da rijiyar ko makarantar Islamiyyar gari.

Kafin ku yanke komai, ki je garin ba tare da an sanar ba, ki ja wanki ku leƙa makarantar daren. Kada ku ambaci kuɗi. Ku ce su nuna muku littafin karo-karonsu, ku tambaye su abin da suka gwada bai yiwu ba, da abin da za su fara yi da sun sami naira dubu 300. Idan amsar farko ofis ce da riguna masu tambari, ku dakata tukuna. Idan kuwa suka fara gardama a tsakaninsu kan ko fitila ta fi gaggawa ko buhunan jinga, ku ba su mako biyu su je su daidaita, su kawo muku a rubuce da farashin kowane abu.